Hodar Zaituna Ba Ta Ƙona Fuskar Kowa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Inuwa, uban 'yan kasuwar kayan shafe-shafe. Mai girma wakilin Dagaci. Malam Liman na masallacinmu na nan Sharada. Iyayenmu dillalai da suka taso daga Dorayi da Zawaciki da Kumbotso a ƙarƙashin Hajiya Zuwaira. Ma'aikatan wannan kamfani maza da mata, 'yan aikin safe da 'yan aikin yamma. Da sauran jama'ar da suka cika wannan rumfa, ina yi muku barka da zuwa.

Na gode da kuka amsa kirana. Na gode wa Alhaji Inuwa da ya rufe shagonsa ya zo, na kuma gode wa iyayenmu mata musamman, domin na san wasunku sun zo ne da fushina a ransu, amma duk da haka suka zo.

Ni Haruna kun san ni. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Da keke na fara, da kwalin sabulu ɗaure a baya, ina bin ƙauyuka tun wannan fili da muke zaune yana gonar dawa. Yau ga injin sabulu, ga injin man shafawa, ga sashen hoda. Ba wanda ya bar mini gado, Allah ne, sai guminmu. Da muka fara yin hoda, sunan mahaifiyata na sa a jikin gwangwanin, Zaituna. Ku auna da kanku, mutumin da ya sa sunan uwarsa a kan kaya, zai zuba abin cutarwa a ciki?

To, ga abin da ya tara mu. Tun bayan Ƙaramar Sallah magana take yawo cewa Hodar Zaituna tana ƙona fuska. Daga gidan suna ta shiga gidan biki, daga gidan biki ta shiga kasuwa. Hajiya Zuwaira da kanta ta sa aka dawo mini da kayana a amalanke. Ta tsaya a ƙofar ofishina ta ce, "Alhaji, mu cikin ɗakunan mata muke shiga, da mutuncinmu muke talla. Hodarka wuta ce, riƙe abarka." Ban ga laifinta ba. Matar da ke cikin kulle ba ta san Haruna ba, dillaliya ta sani. Idan dillalai suka janye hannu, hodar nan ta mutu, kuma matan da ke cika gwangwani a wancan ɗaki za su koma gida bayan Babbar Sallah. Wannan shi ne abin da ke gabanmu, ba na ɓoye muku.

Ina maganar ta samo asali? Daga gidan ma'aikacina ne, Malam Uwaisu, shugaban masu tukunyar sabulu, ga shi can zaune. Ya ba ni izinin in faɗa, ita ma 'yarsa ta yarda. 'Yarsa Mairama ana shirin bikinta, ta shafa hodarmu za ta gidan ƙawarta, fuska ta ɗauki raɗaɗi, ta yi ja, ta soma saɓa. Yarinya ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Da na bincika, sai na tarar akwai wasu gidajen da haka ta faru. Abin da ya ɗaure mini kai, duk gidajen ma'aikatana ne, ko na maƙwabtansu. Hodar da ta je Gusau, ta je Maraɗi, ba a yi kuka da ita ba, sai a gidajen mutanena?

Na kira Uwaisu na ce, "Malam, da me 'yarka ke wanke fuska?"

Ya gyara zama, ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gidana ba a taɓa sabulun kowa sai na kamfani. Na hana su sabulun salo tuni. Muna yin na inji, a ce iyalina suna wanka da na gargajiya?"

Na ce, "Wane na kamfanin?"

Ya ce, "Sandar da ake ba mu ƙarshen wata mana."

Na ce, "Uwaisu! Kai ne fa kake zuba soda a tukunyar nan da hannunka. Safar roba kake sawa saboda me?"

Sai ya ce, "Ai na ɗauka in ya daskare ya huce."

Ku yi dariya, ni ma na yi, amma ku sani ƙauna ce ta sa shi. Jama'a, sandar nan sabulun wanki ce. Don kakin aiki muka yi ta, don ta cire baƙin mai daga riga. Abin da zai fitar da man inji daga kaki, me kuke zaton zai yi wa kuncin budurwa? Yana kwashe maiƙon fata tas, ya bar ta a bushe tana tsattsagewa. Fuskar da ta tsage kuwa, ko garin shinkafa aka barbaɗa mata sai ta yi zafi. Hoda ce aka gani a sama, shi ya sa aka kama ta, amma ɓarnar tun a banɗaki aka yi.

Akwai masu aiki a majemar Challawa a cikinku. Ku faɗa wa jama'a, ana zuba rini a kan fatar da ba a jeme ba? Sai an wanke, an tausasa, an ba ta mai, sannan launi ya zauna. In fatar akuya tana da wannan haƙƙi, ina ga fuskar ɗan Adam?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu dillalai su riƙe abin da zan faɗa, su shiga da shi kowane ɗaki.

Na farko, wanki. A wanke fuska da sabulun wanka mai laushi, ko sabulun salo mai kyau. Ni mai injin sabulu ne, amma ina faɗa a gaban kowa, salo mai kyau ya fi sandata dacewa da fuska. Da tafin hannu za a wanke, da ruwa mai ɗumi kaɗan. A bar soso ga ƙafa da baya. Wasu na dirzar fuska kamar suna kankare ƙanzo a gindin tukunya, wai don ta yi haske. Ba haske take yi ba, rauni take yi.

Na biyu, a tsane ruwan da tsumma mai tsabta, a danna a hankali, kada a goge. Ba da bakin zanen da aka wuni ana girki da shi ba.

Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne na fi so ku riƙe. Mai. Man kaɗanya ne ko namu na kwalba, duk ɗaya, amma kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa. A murza a tafi, a bi goshi, a bi kunci, a bi haɓa, har wuya. Sannan a jira. Na sake faɗa, a jira. A je a ɗaura zane, a gyara ɗankwali, a nemo takalmi, a bar fata ta sha. Wadda ta ƙi shafa mai, hodarta za ta tsaya fara fat kamar ta fito daga injin niƙa. Wadda ta lafta da yawa kuma ta bi da hoda nan take, kafin ta kai titi rana ta dama mata kunu a fuska. Daga nan sai a ce hodar Alhaji Haruna ba ta da kyau.

Sai fata ta sha mai sannan hoda, sannan kwalli, sannan jan baki. In lokacin salla ya kusa, a yi alwala a yi salla tukuna, kada a yi aiki biyu. In kuma an dawo daga unguwa, a wanke kwalliyar kafin a kwanta. Wadda kuma fuskarta ta riga ta yi ciwo, kada ta shafa hodar kowa, har da tawa, sai ta warke. Haka likita ya gaya wa Mairama, haka kuma ta yi.

Ku kuma mazaje, ma'aikatana, ba zan daina ba ku sandarku ba, haƙƙinku ce. Amma daga wannan wata, kowace sanda za ta zo da sabulun wanka a gefenta. Wannan na riga, wancan na jiki. Malam Uwaisu ne zai riƙa rabawa, shi ne kuma zai riƙa bayani, tunda yanzu ya fi kowa sani.

Ban ce ku yarda da bakina ba, ni mai kaya ne. Mairama tana ɗakin baƙi tare da mahaifiyarta da maiɗakina Hajiya Atika. Tun da fuskarta ta warke take bin tsarin nan, kuma yau da safe ta yi kwalliya da hodar gwangwanin nan da ya fara ba ta tsoro, ba sabo ba. Tun ina tsakiyar magana na ga Hajiya Zuwaira ta zame ta shiga can da mutanenta. Ga ta nan ta fito. Hajiya, me kuka gani? Ku ɗaga murya, na baya su ji.

Kun ji. Ta ce har da yatsa ta shafa kuncin yarinyar, sumul yake. Ta ce za su ɗauki kaya yau. Alhamdu lillahi.

Na'am, Hajiya? Da sharaɗi? Ta ce kowane gwangwani sai na haɗa shi da ɗan ƙaramin sabulun wanka, kyauta, domin bayani ba ya zama in ba abin nunawa a hannu. Jama'a, tun da na kafa kamfanin nan ba a taɓa gindaya mini sharaɗi a cikin rumfata ba. Amma Malam Liman shaida ne, Alhaji Inuwa shaida ne, na karɓa. Matan sashen hoda, ku daina share hawaye, gobe akwai aiki, ku zo da wuri.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya tsare musu mutuncinsu a duk ƙofar da suka yi sallama. Allah Ya sa albarka a auren Mairama. Allah Ya kare ma'aikatanmu daga haɗarin inji da na hanya, Ya ba ƙasarmu lafiya da wadata, Ya nuna mana Babbar Sallah da rai da imani, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode, na gode ƙwarai. Wassalamu alaikum.