Keken da Ba Ya Ƙara

A rumfar cajin waya ta tashar Goronyo na ji su: wani dattijo mai buhun albasa, da wata ma'aikaciyar lafiya da ke jiran batirin kekenta ya cika.

"Ɗiyata, wanga keke mai kaurin taya, da wuta yake tafiya?"

"Da wuta da ƙafa, Baba. Mataki ukku gare shi. Na farko ɗan turi ne, na biyu ya fi shi, na ukku an ce ko yashin gulbi sai ya keta."

"To mi ya sa kika jiƙe sharkaf da zufa? Ki sa na ukkun mana!"

"Shan batir gare shi. Na farko nake sawa, in taka da ƙarfina har ƙauye. Wata huɗu cinyoyina na ciwo, yanzu sun saba."

"Ai babur ya fi miki sauƙi."

"Na gwada. Ranar da na shiga da babur ɗauke da allurar rigakafi, mata suka kwashi yara suka faɗa cikin gero. Sun ɗauka 'yan bindiga ne. Ko yaro ɗaya ban samu ba."

Dattijon ya ja carbinsa.

"Ni ma na taɓa guje wa babur ɗin ɗana," ya ce. "To na ukkun, yaushe kike sa shi?"

"Ban taɓa ba, Baba. Na aje shi don ranar da ni zan ji babur a bayana."

"Allah ya sa keken ya tsufa ba ki taɓa na ukkun ba."

"Amin. Gobe da safe zan koma."