Layin Ruwana Ranar Kirsimeti

Salama gare ki mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Sunana Yakubu, manomin tumatir daga Bunkure.

Ranar Kirsimeti layin ban-ruwa daga kanal ya zo kaina, wanda in ya wuce sai na jira wani zagayen, ga tumatir ya fara yaushi. Ina coci, hankalina yana bakin kanal. Sai fasto ya ce Madawwami, wanda ya halicci lokaci, ya shigo cikin lokacin, ya jira wata tara a cikin Maryamu kamar kowa. Nan zuciyata ta kwanta. Shi ma ya jira, balle ni?

Da aka tashi daga coci na je gona, na tarar maƙwabcina Malam Sule ya shayar mini da gonar. Ya ce, "Yau sallarku ce, koma gida."

A gaishe mini da shi. Rediyonsa na rataye a gona, yana jin ku.