Daktan da Bai San Jigo Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Sale Mai Albasa daga Bunkure, ina gaida abokan aikina na bakin kanal.

Jiya 'yata ta kunna mana shirin tarihin nan da ake ji a waya, muna zaune da mahaifina. Sun gayyato wani dakta, wai masanin yankinmu. Ko kunya babu, ya ce kafin a haƙa kanal mutanen Kura da Bunkure ba su san noman rani ba, barci suke yi har damina ta faɗi. Mai tambayar kuwa sai "haka ne, Dakta" yake ta yi.

Mahaifina tun yana saurayi yake jan ruwa da jigo a fadama, guga bayan guga, yana ba albasa. Har yau kafaɗarsa a karkace take. Tsaki kawai ya yi, ya ce, "Wannan ko lambu bai taɓa shiga ba."

Abin da ya ƙona mini rai, yarinyar ta ce mini, "Baba, ai dakta ne, ya fi mu sani."

Malam, ku isar masa: tsohon yana nan da ransa. Ya zo ya taɓa kafaɗar nan, ya ji irin barcin da muka yi.