Baƙar Motar da Tsohuwa Ta Sani

A ɗakin jira na wani gareji a birnin Daegu na ƙasar Koriya, wani dattijo direban tasi ya dubi wani mai kwat da ke gefensa.

"Baƙar motar can ta Turai taka ce?"

"Tawa ce, Baba. Ta hannu na saya. Zuwanta na huɗu ke nan bana."

"Wahala ka saya da kuɗinka. Rabu da ita tun tana tashi."

"Dillali ya taya won miliyan uku, kuɗinmu na nan."

"Karɓa da hannu biyu! Ko sai ta mace maka a babban titi?"

"Ta taɓa yi. Matata ma ta daina shiga."

"To me kake jira? Girman kai?"

"Ranar da na kawo ta, mahaifiyata ce ta zuba wa tayoyin giyar shinkafa, ta ɗaure busasshen kifi da farin zare a but ɗin motar, don neman tsari."

"Kowa an yi masa haka. Kwance kifinka ka sa a wata."

"Tana gidan kula da tsofaffi yanzu, ciwon mantuwa ya kama ta. Duk Lahadi ana kai ta bakin taga. Da ta hango baƙar mota sai ta ce ga ɗanta Gwangsu nan, wato ni."

"To?"

"Makon jiya motar tana nan, sai na je a bas. Awa guda ina zaune gabanta. Da zan tafi ta riƙe min hannu ta ce, 'Malam, in ka ga ɗana a hanya, ka ce masa ina jira.'"

Bakanike ya leƙo yana goge hannu.

"Mai baƙar mota? Injin ne. Sai nan da mako shida."