Rigar kakanku a ƙofar gidan wuta

Awakina muka sayar a Agadas muka yi kuɗin mota, ni da kakanku. Zamanin Faransi ne, garduna, dogarawan Faransi, sun matsa wa kowa da lanho, wato haraji, Arlit ɗin nan da kuke taƙama da ita ko bukka babu. Sai Kano, ƙasar Ingilishi.

Ya samu aiki a gidan matsar man gyaɗa. Ya dawo ɗakinmu na haya yana ƙasaita, wai an ba shi sitoka. Na ce, sarauta ce? Ya ce kusan haka. Sai da na tsufa na koya wa kaina karatu, na bi littafin Turancin ɗan'uwanku Musa da yatsa: mai zuba wa wuta gawayi. Aikin da nake yi a murhu tun ina yarinya! Shi ya sa in kun zo mini da sunayen aikinku na kamfani nake kallonku kawai.

Kun dai san kakanku. Riga har ƙasa, rawani ya rufe baki, ko shayi zai sha ta ƙarƙashin amawali yake kai kofi. Haka yake fita tsaf, haka yake dawowa, sai warin hayaƙi. Abu ɗaya ya hana ni: kai masa abinci.

Matar mai gidan hayar, bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Ke Buzuwa, mijinki na yini da yunwa kina zaune? Haka kuke a dajinku?" Haushi ya kama ni, na ɗauki kwano.

Mai gadi ya nuna mini ƙofa. Ga rigarsa rataye a ƙusa, ga rawanin a kanta. Ciki wani helma, shugaban leburori, ɗan tsurut da shi, yana ihu: "Faya! Faya! Kai Buzu, mun cire maka rigar, yanzu kuma me ya riƙe ka?" Wanda ake wa ihun gajeren wando ne a jikinsa, gwiwa waje, kai ba komai, baki buɗe yana haki. Sai da ya juyo na gane shi.

Na sunkuyar da kai na ce, "Bawan Allah, mijina nake nema, wani dogo mai rawani."

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Ya fita, baiwar Allah. Koma gida, zai same ki."

Da la'asar ya shigo cikin rigarsa ya ce in ɗaure kaya. Muka dawo garinmu Gugaram hannu biyu, ya shiga kiwon dabbobin mutane. Har Allah ya karɓi abinsa, in an tambaye shi Kano, cewa yake bai tarar da aikin da ya dace da shi ba. Ni kuma in ce haka ne.