Wanda Ya Ja Mana Wuta Zuwa Teku

Da sunan Allah, Mai rayawa, Mai kashewa.

Mai girma Wali, gwamnan garin nan, dattawan unguwannin bakin teku, shugaban tasha, 'yan'uwana matuƙa da masu sauke kaya; Ummu Talal, matar marigayi, da ke saurare daga ɓangaren mata, ɗansa Talal, da dukkan iyalin marigayi Khalfan bin Suwaid: assalamu alaikum.

Sunana Darwish. An ce in yi magana don ni na fi kowa daɗewa ina cacar baki da marigayi. Shi da jirgin jansa, ni da nawa, muke kamo manyan jiragen kwantena mu jingina su a tasha, in sun gama mu raka su waje.

Ya kasance mai tsokana. Gari na wayewa zai kira ni ta rediyo: "Darwish, ka farka kuwa, ko jirgin ne ke tuƙa ka?" Ya kasance ba ya shan gahawa shi kaɗai, dabinon gonarsu kuwa, daga ma'aikaci ɗan Kerala ta Indiya har ɗan ƙabilar Balushi, babu wanda bai ci ba. Ya kasance kuma idan al'amari ya ɓaci sai ya yi shiru, kuma mun san tsoron shirun nan.

Ranar Talata da hantsi ya yi shiru. Wani hayaƙi rawaya ya fara tsiyaya daga kwantenonin wani jirgi da ke jingine a tasha, tsuntsayen teku suna faɗowa kan siminti. Aka kwashe mutanen jirgin. Bayan katangar tasha kuwa gidajenmu ne, da makarantar 'yan mata, da kasuwar kifi. Shugaban tasha ya ce dole a ja jirgin zuwa teku, amma ba zai umarci kowa ba.

Khalfan ya ce, "Ni zan ja shi ta gaba."

Na ce, "Abu Talal, bar mini. Jika kake jira."

Ya ce, "Tura ta baya, malam. Kai da ko a masallaci sahun ƙarshe kake tsayawa?"

Haka muka fita da shi. Mun wuce bakin mashiga ke nan igiyar ƙarfen da yake jan jirgin da ita ta fara kuka saboda zafi. Ya kora ma'aikatansa ciki, ya fito da kansa zai sassauta ta. Ta tsinke, ta sare shi. Ina kallo ta cikin hayaƙi, ban iya yi masa komai ba.

Jama'a, da na so in ce muku an gama. Ba a gama ba. Jirgin bai nutse ba. Ya kafe a kan yashi, yana ci da wuta har yanzu, kowa ya hau soron gidansa zai hango shi. Matattun kifaye sun fara fitowa gaɓa. Har yau ba wanda ya iya faɗa mana abin da ke cikin kwantenonin nan. Ruwa yana ƙaruwa, kuma an ce iskar arewa na tafe. In ta ɗaga shi, nan za ta dawo mana da shi. Gobe da safe za mu koma mu ɗaura masa wata igiyar.

Talal, jiya ka same ni ka ce a ba ka jirgin babanka ka fita da mu gobe. Yau ga amsa a gaban mutane: a'a. Gida ɗaya ba ya bayar da biyu. Ummu Talal, 'yar'uwata, kin ba garin nan abin da ba zai iya biya ba. Ki riƙe ɗanki, ko da kuka ne.

Mun gode wa duk wanda ya tako, na kusa da na nesa.

Allah Ka jiƙan Khalfan, Ka sanyaya makwancinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Allah Ka riƙe iskar nan a hannunKa. Waɗanda za su fita gobe, Ka dawo da su su tarar da garin yana nan.

Amin.