Askin Takaba

A rumfar kayan kwalliya a kasuwar Anacha, wata budurwa mai rinannen gashi ta tarar da wata dattijuwa gaban madubi.

"Mama, wa ya rina miki gashi? Irin farin nan nake so, nawa ya ƙi kamawa."

"Allah ya rina, 'yar nan. Shekara ashirin ina ɓoye shi da baƙin rini. Da maigidana ya rasu aka yi mini askin takaba na al'adarmu, ya fito haka."

"Ayya! Sannu, Mama."

"Yau na fita takabar. Hodar idon nan mai ƙyalli, ta yara ce ko?"

"Rufe ido in shafa miki. Yauwa, buɗe."

"Kai! Da yana nan, da na sha faɗa."

"In goge?"

"A'a, ƙara. Haka yake, in ya gama faɗan sai ya yi ta satar kallona."